An canza nozul amma mota ta ƙi daɗi: tambayoyi da amsoshi ga masu tsofaffin motocin gas a Sakkwato

Waɗannan su ne tambayoyin da direbobi, masu motoci da yaran gareji ke yawan yi mini, wasu a bakin shago, wasu ta waya daga hanyar Illela ko Goronyo, mota ta tsaya da lodin albasa rana na dukan ta. Kusan duk labarin ɗaya ne: an canza nozul, kuɗi sun fita, mota kuma ta fi da lalacewa. Na bar tambayoyin yadda suke fitowa daga bakin masu su. Maganata a kan tsofaffin a-kori-kura masu shan gas ce: Hilux mai injin 2L, 3L ko 5L, Land Cruiser mai 1HZ, Nissan mai TD27, Mitsubishi L200 mai 4D56, da Isuzu mai 4JA1 ko 4JB1.

Malam, wai mi ake kira nozul, mi ake kira injekta? Kowa da yadda yake faɗi.

A bakin gareji, in an ce injekta ana nufin babban famfon da ke tura gas ta bututai zuwa kan inji, in an ce nozul ana nufin ƙarfen nan gaba ɗaya da ake ɗaurawa a tof silinda. A littafin kamfani ba haka ba ne. Can, ƙarfen gaba ɗaya shi ne injekta, nozul kuwa ɗan bakin da ke ƙarshensa ne kawai, mai allura a ciki. Sauran kayan su ne gida, sifirin, 'yar sandar da ke danne allura, da wasu siraran washoshi da ake kira shim.

Saboda haka in za ka aika saye Kano ko Legas, faɗa wa mai shago ko baki kaɗai kake so ko gida da baki. Na ga wanda ya tura kuɗin saiti huɗu cikakku, aka aiko masa da bakuna huɗu a 'yar leda.

Ya shiga daidai, tiredi ya kama, bututu ya ɗauru. To mi ya hana shi aiki?

Nan ne gizo ke saƙa. Shiga rami daban, dacewa da inji daban. Kama da wane ba ta wane.

Injinan nan gida biyu ne. Na farko su ne masu ɗan ƙoƙo a cikin tof silinda: 2L, 3L, 5L, 1HZ, TD27 da tsohon 4D56. Nozul ba ya fesa gas kai tsaye a kan fistin, cikin ƙoƙon yake fesawa, inda iska ke juyawa da ƙarfi, wuta ta kama a can sannan ta fito ta wata 'yar ƙofa ta tura fistin. Bakin irin wannan nozul ƙofa ɗaya gare shi a tsakiya, in ka duba za ka ga tsinin allura ya ɗan leƙo waje. Tsinin nan ba ado ba ne. An fiƙe shi ne yadda da farko gas kaɗan zai wuce, ya kama wuta, sannan ragowar ya biyo baya. Wannan ɗan jinkiri shi ke sa inji ya yi laushin murya.

Gida na biyu su ne masu fesawa kai tsaye, kamar 4JA1 da 4JB1 na Isuzu. Su ba su da ƙoƙo a tof, a kan fistin ɗin kansa aka yi kwarmi. Bakinsu dogo ne mai ƙananan huji da yawa, kowane huji an auna inda zai jefa gas a cikin kwarmin. In kusurwar feshin ta kauce, gas ya bugi gefen fistin ko bangon silinda, ya wanke man da ke jikin bango, ya ƙi ƙonewa.

Raba gidajen nan biyu ba wuya, ido ma ya isa. Wahalar tana cikin gida ɗaya. Bakuna biyu na iya zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, su zauna a gida ɗaya lafiya lau, amma siffar tsinin allura ta bambanta, ko nisan da allura ke ɗagawa, ko faɗin huji. Bambancin bai kai kaurin gashi ba, ido ba ya ganin sa, inji kuwa yana jin sa.

To yaya zan gane wanda ya dace?

Da lamba. A jikin kowane bakin nozul na ƙwarai akwai lamba, sai an kwance shi daga gida an wanke da gas mai tsabta kafin a gan ta. Ga yadda ake karanta ta.

In ta fara da DN, mai tsinin allura ne, na inji mai ƙoƙo. Adadin da ke biye da DN kusurwar feshi ce: DN0 feshi miƙaƙƙe, DN4 digiri 4, DN12 digiri 12. Harafin P ko S girman baki ne, S ya fi P girma. Lambobin ƙarshe kuwa su ne suka keɓe wannan ƙira daga 'yan uwanta. In ta fara da DLLA, mai huji ne, adadin da ke biye, kamar 150 ko 154, shi ne buɗewar feshin.

Misali ɗaya ya isa. DN0PDN112 ana yawan samun sa a 4D56 na Mitsubishi, DN0PDN113 kuma a TD27 na Nissan. Lamba ɗaya tak ta raba su. Ka ɗora su a tafin hannu, ko uwar da ta haife su sai ta yi da gaske. Mai shagon da 113 ya ƙare masa zai miƙo maka 112 ya ce duk ɗaya ne, kuma ba lallai da mugunta ba, shi ma haka aka faɗa masa. A injinan Toyota na jerin L kuwa za ka yawan ci karo da DN4PD57.

Akwai kuma lambar kwali. Ta Denso kan fara da 093400, ta Zexel mai tsinin allura da 105007, a kwalin Toyota kuwa cikakken nozul da gidansa kan fara da 23600. In ka ga tsohon baki an rubuta ND, wato Nippondenso, shi ne Denso na yau, a 1996 suka taƙaita sunan. Haka Diesel Kiki ya koma Zexel a 1990, daga baya Bosch ya mallake shi. Sunan ya canza, lambar ƙira ce abin dubawa.

Ai na gaya ma mai shago Hilux ce, har shekarar na faɗa mai. Bai isa ba?

Bai isa ba, Alhaji. Mota mai shekara 25 ko 30 a ƙasar nan, da wuya ka same ta da injin da ta fito da shi. An sauke 2L an ɗora 3L, an sauke 3L an ɗora 5L na Beljiyam, wata ma asalinta mai fetur ce aka mayar da ita gas. Waɗanda suka shigo ta Ƙonni kuwa sun bi hannu da yawa kafin su iso gare ka. Sunan da ke jikin bodi ba ya gaya maka komai game da abin da ke ƙarƙashin bonet.

Nemi lambar da aka buga a jikin bulok, ka kankare dattin ka karanta. Duba 'yar farantin da ke jikin famfon injekta, ita ma da lambarta. Ka ɗauki hotonsu da waya. Sannan ka tafi da tsohon nozul ɗin a hannunka.

Ko sunan inji ma yakan yaudari mutum. 1HZ da 1HD-T duka lita 4.2 ne, silinda 6, duka a 1990 suka fito, amma na farko mai ƙoƙo ne, na biyu mai fesawa kai tsaye da tobo. 4D56 kuwa suna ɗaya ne a kan injina iri biyu: tsohon mai ƙoƙo, da wanda ya zo a L200 ta wajen 2005 mai kwaman-rel, wato wanda kwamfuta ke buɗe nozul ɗinsa. Mutum ya ce «nozul ɗin 4D56» bai faɗi komai ba tukuna.

Wani tarko kuma: tsohon bakin da ka ciro, wa ya ce shi ma daidai ne? Ta yiwu wanda ya riƙe motar kafin kai ne ya sa abin da ya samu. Shi ya sa nake haɗa shaida biyu, lambar baki da lambar inji. In sun saɓa, ko ka ciro huɗu ka tarar da lambobi iri biyu, littafin injin ne alƙali.

Sabo ne ful cikin kwali. Don mi za ni biya kuɗin gwaji kuma?

Domin baki ba shi ke yanke ƙarfin da allura za ta buɗe ba, sifirin da shim ne, su kuma tsofaffi ne, sun yi shekaru suna shan zafi. Ka sa sabon baki a tsohon gida, sai an ɗora a famfon gwaji an ga inda agogo ya tsaya lokacin da ya fesa. In ya yi ƙasa a ƙara kaurin shim, in ya yi sama a rage.

Kowane inji da nasa adadi. Toyota 2L, 3L da 1HZ suna buɗewa a wajen 145 zuwa 155 a ma'aunin kg/cm², sabon baki akan ɗora shi sama kaɗan domin zai zauna bayan ya yi aiki. TD27 na buɗewa a 100 da 'yan kai. 4JB1 kuwa wajen 185. Wanda ya saba da Nissan ya saita Toyota da hannun Nissan, ya bar ka da hayaƙi. Kuma bai isa kowanne ya faɗa cikin iyaka ba, ana so huɗun su kusanci juna, in ba haka ba inji ya riƙa rawa a silo.

Abu uku ake dubawa a kan famfon. Ƙarfin buɗewa, na ɗaya ke nan. Na biyu feshi: ya fito kamar hazo, da 'yar ƙara mai kaifi, ba tsartuwa kamar bakin buta ba, ba kuma karkace ba. Na uku yoyo: a riƙe agogo 10 zuwa 20 ƙasa da inda yake buɗewa na daƙiƙa 10, kada ɗigo ya taru a baki.

Ka tsaya a yi a gabanka, gani ya kori ji. Amma hannu a aljihu. Feshin nan yana huda fata ya shiga nama, ramin kamar tsinin allura, ba jini, mutum ya ɗauka ba komai, kwana biyu yatsa ya kumbura ya yi baƙi. Wanda hakan ta same shi ya nufi asibiti a take, ya kuma gaya wa likita gas ne ya shiga da ƙarfi. Yaran gareji, da ku nake.

Tun da munka canza, baƙin hayaƙi ya ƙaru, mai kuma kamar ana zuba shi ƙasa.

Kafin ka zagi nozul, buɗe filtar iska. Baƙin hayaƙi gas ne ya fi iska yawa, kuma motar da ta yi hunturu tana zirga-zirga tsakanin Tangaza da Gidan Madi, filtarta na iya toshewa cikin makonni. Ciro ta ka tayar da inji na ɗan lokaci a wurin da ba ƙura. In hayaƙi ya ragu, ka huta.

In bai ragu ba, ana zargin abu uku: bakin da ya fi ƙarfin injin wajen zubar da gas, ƙarfin buɗewa da ya yi ƙasa har gas na fita da kauri, ko kuma sukurun mai na jikin famfon injekta. Wannan na ƙarshe ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Lokacin da tsofaffin nozul suka gaji mota ta rage ja, wani ya murɗa sukurun don ta ƙara ƙarfi. Yanzu an sa sababbi, ba wanda ya tuna ya mayar da shi.

Ni tawa ƙara take yi, ƙwas-ƙwas kamar ana sara ƙarfe, alhali da ba ta yi.

Sababbin bakuna kan ɗan ƙara wa inji kaifin murya, wannan ba laifi. Amma ƙwanƙwasa mai ƙarfi, musamman a silo da safe, tana nuna gas da yawa na shiga kafin wuta ta kama, sai ya fashe gaba ɗaya. A inji mai ƙoƙo, wannan shi ne babban alamar tsinin allurar da ba na injin ba. Allurar da ta maƙale a buɗe ma tana yin haka, sai dai ita a silinda ɗaya za ka ji. A duba taimin ɗin famfo kuma, domin sauya ƙarfin buɗewa yana ɗan matsar da lokacin da gas ke shiga: ƙasa ya yi sauri, sama ya yi jinkiri.

Farin hayaƙi da wuyar tashi fa?

In da asuba ne a Disamba ko Janairu, kuma hayaƙin na ɗaukewa da inji ya ɗumama, fara da hita filogi, 'yan ƙarafan da ke ɗumama cikin ƙoƙo kafin a tayar da inji. Inji mai ƙoƙo ba ya son tashi cikin ɗari ba tare da su ba, kuma sau da yawa wajen kwance nozul ake ture wayarsu a manta. Bayan su sai iska a bututu, sai taimin da ya yi baya, sai kwamfireshan da ya gaji. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, ba ruwan nozul, maganar ringi ce ko bawul.

Akwai wata da ta fi ba mutane mamaki a nan Sakkwato. Mota na tashi da safe bugu ɗaya, amma a Afrilu da azahar, zafi ya haura digiri 40, ka kashe ta a kasuwar Kara ka sauke kaya, ta ƙi tashi sai ta huce. Mai mota ya ce sababbin nozul ne suka jawo. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Famfon injekta ne ya sassauta daga ciki, gas in ya yi zafi yakan tsinke ya zille ta gefe. Tsofaffin nozul masu laushi suna buɗewa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, sababbin da aka saita daidai kuwa sun fi ƙarfinsa a lokacin kik. Nozul bai lalata komai ba, asiri ya tona. Masu watsa wa famfo ruwan sanyi don ta tashi, tana tashi kam, amma wata rana ƙarfen ciki zai cije, kuɗin ya ninka.

Yaya zan gane wanne daga cikin huɗun ne mai laifi?

Bar inji a silo, ɗora tsumma a kan notin bututun da ke kan nozul, sassauta shi kaɗan da sufana. In inji ya canza murya ya fara tangaɗi, wannan silinda na aiki, ɗaure ka wuce gaba. Wadda ka sassauta ba abin da ya canza, ita ce matacciya. Wadda ƙwanƙwasa ta ɗauke da ka sassauta ta, daga nan ƙarar take.

Daga nan sai musanya. Ɗauke nozul ɗin ka kai shi wata silinda. Ciwo ya bi shi, nasa ne. Ciwo ya tsaya inda yake, nemi kwamfireshan ko famfo.

Washar nan ta jan ƙarfe da nozul ke zama a kanta, dole sai sabuwa?

Dole. Aikinta biyu: toshe wutar silinda kada ta fito, da kwashe zafi daga bakin nozul zuwa tof. Da an matse ta sau ɗaya ta taurare. Alamar wadda ta gaza ita ce 'yar ƙarar tsut-tsut da baƙin gawayi mai kama da kwalta a gindin nozul.

Abin da na fi cirowa daga motocin da aka kawo mini bayan an yi aiki a wani wuri shi ne washa biyu a rami ɗaya. Tsohuwar ta manne a ƙasa, gawayi ya rufe ta, yaro ya leƙa bai gan ta ba ya jefa sabuwa a kai. Nozul ya ɗaga sama da inda ya kamata, feshi ya kauce. A inji mai fesawa kai tsaye wannan kaɗai ya isa ya kawo hayaƙi da rashin ja. Ka ƙirga: huɗu suka fito, huɗu za su shiga. A Toyota akwai kuma ɗan mazaunin da ke kare baki daga zafi, shi ma da fuskar da yake kallo, kada a kifa shi.

Ɗauri kuma da ma'auni ake yi. Matsewa da dogon bututu a kan sufana na murɗe baki, allura ta cije tun mota ba ta bar gareji ba.

Ɗaya ne ya mutu. In canza shi kaɗai?

In sauran ukun sun ci gwaji, kuma sabon lambarsa ɗaya da su, canza ɗaya. In ba a samu lambar ba, canza duka.

Sabo na kwali ko na Beljiyam?

Na Beljiyam da aka ciro daga inji irin naka, gida da baki na asali, in ya ci gwaji, na fi yarda da shi a kan sabon da ban san asalinsa ba. Jabu sun yi yawa, kwalinsu ma wani lokaci ya fi na gaske kyau. Abin da nake dubawa: rubutun lamba ya fito tsaf ba karkace ba, allura ta yi sheƙi ba zane, sannan gwajin hannu. A jiƙa da gas, a karkata bakin, a jawo allura kamar kashi 1 cikin 3 a sake ta, ta koma da nauyinta a hankali ba tsayawa. A juya ta a sake gwadawa. In ta tsaya a hanya, ko ta faɗa fuu ba wani riƙo, mayar wa mai shi.

Ku yi sharaɗi kafin biya: in bai ci gwaji ba za a canza. Mai kayan ƙwarai ba ya gudun wannan.

Za a iya sa allurar wani a bakin wani, ko a goge da sanfefa?

A'a, duka biyun. Allura da bakinta tare aka wasa su a masana'anta, tazarar da ke tsakaninsu kashi 2 zuwa 4 cikin 1000 na milimita ce. Shi ya sa ko wajen wanki ba a zuba su a kwano ɗaya. Gawayin baki da katako mai laushi ko burushin tagulla ake cire shi, ba da waya ko reza ba.

Wata biyu kacal sababbin sunka yi sunka mutu. Jabu ne anka sayar min?

Ta yiwu. Amma ina ka sha mai? Gas shi ne man shafawar allura da famfo. Wanda aka sirka da kananzir ba shi da santsin, wanda ya kwana a duro ko jarkar 'yan bumburutu kuwa yakan zo da ruwa da rairayi. Ruwa na sa tsatsa, ƙura na cin mazaunin allura. Wanda hanyarsa ta ƙauye ce ba shi da zaɓi kullum, na sani, amma zai iya tacewa da kyalle mai tsabta, ya bar jarka ta kwanta kafin ya zuba, ya kuma riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta. Duk ranar da aka sa sababbin nozul, a sa sabuwar filtar mai, in tanki ya daɗe ba a sauke ba a sauke a wanke.

In na sa na inji mai tobo, ba za ta ƙara ja ba?

Za ta ƙara hayaƙi da zafi. Tobo iska yake ƙarawa, gas ɗin ya biyo baya. Kai kuma gas ka ƙara ba iska. A zafin garin nan, da lodin shinkafa daga Wurno, tof silinda ne zai biya bashin.

Tawa D-4D ce. Duk wannan ya shafe ni?

Kaɗan. D-4D, wato Hilux mai 2KD ko 1KD, kwamfuta ce ke buɗe nozul ɗinta, ƙarfin gas a bututu yakan haura 1,000 a ma'aunin kg/cm², kuma nozul na zuwa da lambobin da ake shigar wa kwamfutar bayan an ɗaura. Kada ka kuskura ka sassauta bututunta inji na aiki. Mai 5L-E kuwa, duk da wayoyin da ke jikin famfonta, nozul ɗinta irin na da ne, bayanin sama ya hau kanta.

Ina Sabon Birni, nozul ɗaya na ɗiga, kaya na cikin mota. In lallaɓa zuwa gida?

Ja sandar gwajin baƙin mai tukuna. In ya haura alamar cika, ya tsinke, yana warin gas, kada ka tayar da ita, gas ya riga ya gangara cikin inji, abin da ke zagaya karanshaf yanzu ba mai ba ne. In mai na nan daidai, ƙarar ba ta yi tsanani ba, agogon zafi na tsakiya, kana iya tahowa a hankali da sanyin safiya, ba taka wuta, kana tsayawa kana duba sandar. Da ƙwanƙwasa ta ƙaru ko hayaƙi ya yi kauri, kashe.

Bara an jawo mini wata 3L da igiya, direban ya ce tun daga Gwadabawa take ƙara, ya ga saura kaɗan ya shigo gari sai ya daure. Da muka ɗaga tof, fistin na uku ya narke a gefe kamar an ɗiga masa dalma, ƙoƙon kuma ya tsage gida biyu. Na kwance bakin nozul ɗin na wanke na duba lamba. Na Nissan ne.